Hular Ƙasan Akwati

Tunda kin ce ke ma da kanki za ki haɗa wa sana'arki shafin intanet, don kuɗin masu haɗawa ya fi ƙarfinki, to madalla, ban hana ki ba. Sai dai ki gyara zama ki ji abin da ya sami wani mai hula, don ni na gaji da ganin mutum ya sha wahala har wuya, a ƙarshe wani ya ci moriyarta.

Mutumin nan gwani ne wajen zanen hula da ɗinkinta, rumfar da yake ciki kuma gadon mahaifinsa ce. Kasuwa ta yi ta ja da baya, har ta kai a yini ba mai tsayawa ya taya, in ban da masu neman inuwa. Ya san in aka tafi a haka rufe rumfar zai yi, abin da ko a mafarki ba ya son gani. Aka ce masa ai masu saye yanzu sun koma cikin waya. Ya je wurin masu haɗa shafi, suna faɗin kuɗin aiki ya yi musu sai an jima, ko zama bai yi ba. Ya ce hannun da ya iya allura ba zai gaza latsa waya ba. Ya samo manhajar kyauta ya duƙufa, kuma wahala kam ya sha ta. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da kasuwa ke mutuwa, zai sunkuya yana ta latse-latse da idanun da zare ya riga ya cinye. Hoto ya kusa hawa, sabis ya ɗauke. Sabis ya dawo, caji ya ƙare, ya kai wa mai caji ya zauna jira. Yana karɓowa, data ta ce ga garinku nan. Rubutun da ya jera jiya, yau ya tarar ya haye kan hoto. Sau da yawa yakan kife wayar a kan tabarma ya ce ya haƙura, gari na wayewa kuma ya sake ɗauka. Da ƙyar da jiɓin goshi dai shafi ya tsaya, da sunansa da lambar wayarsa.

To ga inda ya yi wa kansa. Tun tasowarsa bai taɓa ganin mahaifinsa ya rataye hula ta ƙwarai a bakin rumfa ba. Na gama-gari ake jerawa a waje. Ta gaske tana ƙasan akwati naɗe cikin ƙyalle, sai an gaisa, an tambayi iyali, an ga mutum da gaske yake, sannan a ce bari a ɗauko masa ta ciki. Hikimar ita ce kada masu satar zane su ƙyalla ido su kwaikwaya. Shi ma haka ya yi wa shafinsa. Ya ɗora hotunan hulunan da ko a tasha za a samu, ya rubuta a ƙasa: akwai na musamman a ciki, sai an zo. Bawan Allah bai lura ba cewa mai duba waya ba ya sallama, ba ya zama a tabarma, kuma ba ya jira a buɗe masa akwati.

Ana nan, wata mata a Ikko za ta aurar da ƙanenta, tana neman huluna iri ɗaya na abokan ango. Ta sha jin sunan gwanin a bakin mahaifinta, saboda haka shafinsa ta fara nema. Ta duba sama, ta duba ƙasa, ba ta ga abin da ake yabo ba, ta wuce ko kira ba ta yi ba. Sai ta faɗa shafin maƙwabcinsa na rumfa ta gaba, wanda duk abin da ya mallaka ya zube shi a fili. Nan ta ga wani zane ya tafi da hankalinta, ta ba da aiki. Zanen nan kuwa na gwanin ne. Maƙwabcin ya gan shi ne a kan wani attajiri a sahun Juma'a, ya ƙare masa kallo, ya dawo ya kwaikwaya. Ita hula ai a ka take yawo, ba ta ɓoyuwa.

Biki ya matso, aiki ya yi wa maƙwabcin yawa, sai ga shi a bakin rumfar gwanin da zare da samfurin zanen a leda, yana neman a kama masa. Ya ce, "Wallahi yaya, sunanka ta fara ambata. Cewa ta yi ta leƙa wurinka ba ta ga komai ba."

Gwanin ya dubi zanen, ya gane abinsa. Ko ƙarfin yin fushi ba shi da shi, gajiya ta riga ta cinye wannan. Rumfa kuma tana bukatar aiki, ko na wane ne. Ya karɓi zaren, ya zauna a kan akwatin nan da har yanzu yake a rufe, ya shiga ɗinka zanen kansa, wanda za a zuba a leda mai sunan wani a kai Ikko.

Saboda haka in kin tashi haɗa naki, abin da kika fi ji da shi ki sa shi a gaba. Matar nan ta ji labarin gwani, amma na maƙwabci ta gani da idonta, Hausawa kuwa tuni suka ce gani ya kori ji.