Ƙullin da Sallau Ya Manta

A sabuwar doka, duk wanda kamfani ya sallama sai ya mayar da sana'ar da aka koya masa, kamar yadda yake mayar da rigar aiki. Ranar da masaƙa ta ƙarshe a Kakuri ta rufe, Sallau ya bi layi da abokan aikinsa, ya sa hannuwansa cikin wata na'ura mai sanyi, aka ce ya tafi. Ko zafi bai ji ba.

A gida ya tarar da matarsa Ladidi a bakin rijiya, igiyar guga ta tsinke.

"Malam, yaya aka ƙare?"

"Lafiya lau, saƙar kawai suka ɗauke. Gobe zan nemi dako a kasuwa."

"Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ɗan ƙulla mini wannan, ban ɗora girki ba."

Ya karɓi igiyar, ya haɗa bakin biyu, sai yatsunsa suka tsaya cik. Ya juya ta, ya sake juyawa, ta zame ta faɗi. Ladidi ta sunkuya ta ɗauko ta.

"Ba komai, Malam, ai igiya ma dangin zare ce."

"Ba su suka koya mini wannan ƙullin ba," ya ce. "Babana ne, ina ƙarami." Ya daɗe yana duban tafin hannunsa. "Ladidi, ina ta neman fuskarsa a raina, na kasa ganinta."