Ɗan Beljiyam Cikin Kwali

Ana shirin kai amarya a ƙarshen mako, tsohuwar Fijon Alhaji Namadi ta yi tari a tsakiyar kasuwar Kaura, ta mutu murus. Masu turin baro ne suka maido ta gida, shi kuwa yana ciki riƙe da sitiyari, yana ɗaga wa mutane hannu kamar da gangan ya yi.

Motar gadon mahaifinsa ce. Ita ta ɗauko matarsa Hajiya Maimunatu ranar aurensu, kuma tun da aka sa ranar 'yarsu Hamida ya rantse a majalisa cewa ko dai a cikinta a kai yarinyar gidan mijinta a Zurmi, ko kuwa ta ci gaba da zama gidan ubanta. Alhaji mutum ne mai arhar rantsuwa, amma in ya yi ta gaban jama'a, ko garin zai taru a kansa ba ya janyewa.

Aka kira Ezra makanike, wanda ya yi furfura a ƙarƙashin irin waɗannan motoci. Ya buɗe bonet, ya ciro distiributa, wato abin da ke raba wa filogi wuta. Cikinsa ya jiƙe sharkaf da baƙin mai. Ezra ya ce abin bai kai ya kawo ba, robobin da ke tare man ne suka bushe, in an canza su an wanke shi ke nan.

Wannan magana ta ɓata wa Alhaji rai. Motar da za ta ɗauki amarya, a ce ciwonta roba ne kawai? Shi a wurinsa duk ƙarfen da ya daɗe yana shan iskar ƙasar nan ya gama aiki. Ya fizge distiributan, ya wurga shi ta kan katanga zuwa bolar bayan gida, maƙwabta na kallo.

"Wallahi wanga ƙarfe ba ya sake shiga motata. Ɗan Beljiyam nika so, na Turai, cikin kwalinai."

Ezra ya sosa ƙeya, ya tattara sifanunsa.

Aka shiga nema. Kaura babu, Gusau babu. Wani dillali da aka buga wa waya a Kano ya tambaya cikin mamaki ko motar tana nan da rai. Hamida ta daina cin abinci, lalle na jiran ta a kwano tana kuka a ɗaki, don ta san halin ubanta. Hajiya Maimunatu, wadda ba a taɓa raba ta da magana ba, ta yi gum. Da la'asar ma da kanta ta ɗauki kwandon shara ta fita zubarwa, aikin da ta manta rabonta da shi. Alhaji ya gani, ya ji daɗi a ransa cewa damuwa ta koya mata tawali'u. Amma shi ma tsoro ya fara cin sa, don dangin ango sun soma aiko da tayin wata jibgegiyar mota mai sanyi.

Ana haka sai angon, Kamalu, ya zo ya durƙusa a zaure. Ya ce ya san wani a kasuwar Shinkafi da kaya ke zo masa daga Kwatano. Alhaji bai taɓa ɗaukar yaron da wani nauyi ba, amma ya ce ya je ya gwada.

Ranar Alhamis Kamalu ya dawo da kwali mai rubutun da ba wanda ya iya karantawa. Alhaji ya buɗe. Ƙarfe na ƙyalli, sai ƙanshin fetur ke tashi. Ya shinshina, ya gyaɗa kai, ya shaida wa majalisa cewa haka kayan Turai ke ƙanshi.

Ezra ya sa sababbin robobi, ya zura distiributan. Ya zauna daram a mazauninsa ba tare da an ɗan buga shi ba, ko saitin wuta bai ba shi wahala ba. Makulli ɗaya, inji ya ɗauka. Alhaji ya yi wa Ezra doguwar lacca kan bambancin kayan asali da na gida, Ezra na kallon ƙasa yana cewa gaskiya ne, ranka ya daɗe.

Ranar Asabar Fijo ta fita da Hamida lulluɓe cikin mayafi, Ezra na tuƙi, motocin zamani na biye da ita. Alhaji ya tsaya a ƙofar gida har suka sha kwana. Hawaye suka zo masa, na kewar 'yarsa da na tuna mahaifinsa, bai ko ɓoye su ba. Kafin magariba aka bugo waya cewa an isa Zurmi lafiya, motar ko tari ba ta yi ba.

Washegari Alhaji ya fito da hantsi, ya tarar da zaurensa cike da tsofaffi da makafi, mutum goma, kowa da malmalar tuwo da nama. Biki ya ƙare, baƙi sun watse. Ya leƙa cikin gida, ya tambayi Hajiya mene ne kuma wannan.

Ba ta ko ɗago daga kan tukunya ba.

"Kaffarar rantsuwarka ce, Alhaji. Ɗan Beljiyam ɗin naka ne na da, ni na tsamo shi daga bola, Ezra ya wanke, surukinka ya samo masa kwali."