Ta Ina Kike Son Taga?

Ranar da hutuna ya ƙare a gidan Gwaggo, wani magini maƙwabcinta ya ce shi zai kai ni tasha a motarsa. Sati uku yana zagayawa da ni gari. Mun je bakin kogi, mun je tsohuwar kasuwa, amma ko'ina zancensa ɗaya ne: wannan bangon ya tsage, wancan an yi masa rowar siminti. Duk kwalliyar da nake ci, ko sau ɗaya bai tanka ba.

Muna dab da tasha sai ya karya kwana.

Na ce, "Malam, ƙarfe goma fa motarmu za ta tashi."

"Wuri ɗaya ya rage."

Ya kai ni wani gini da ko rufi babu. Ya tsaya tsakiyar wani ɗaki yana murza hularsa a hannu. Ya kalle ni, ya kalli ƙasa.

"Gidana ne nake ginawa. Nan ne kicin. Tun ranar da kika zo na tsayar da aiki. Ban san ta ina kike son taga ba."

Na dube shi cikin takaici.

"Sati uku! Sai yau da jakata ke bayan mota?"

Ya sa hannu ya share gumin goshinsa.

Na ja tsaki, na nuna bangon gabas. "Nan. Babba. Kuma ka juya motar nan ka je ka faɗa wa Gwaggo da bakinka. Ka kuskura ka yi mata zancen siminti, wallahi na fasa."