Kwamfuta Mai Lamba Bakwai

Mai gyara ya gwada tsofaffin furosesa biyu, wato ƙwaƙwalwar na'ura, a kwamfuta mai lamba bakwai da cibiyar jarrabawa ta kawo masa. Ɗaya tana gudu, ɗayar kuwa rarrafe take, amma rabin kuɗi ce.

"Wa zai kwance ya duba?" ya ce. Ya cusa mai rarrafen, ya karɓi kuɗin mai gudun.

Ranar jarrabawa 'yarsa ta dawo idanu jawur.

"Baba, kwamfutar ce ta daskare min har lokaci ya ƙare. Sai baɗi ke nan."

"Wace lamba aka ba ki?"

"Bakwai."

Gabansa ya faɗi. Ya daka mata tsawa: "Ƙarya kike! Ke dai ba ki yi karatu ba."