Kundul, Zuwa da Dawowa

Washegarin Babbar Sallah babu mai sayen nama a unguwar Gardole ta Injamena. Kowane gida da ragonsa a rataye, don haka mahauta sukan wanke wuƙaƙe su rufe rumfa mako guda. Wasu barci suke yi, wasu zumunci. Abdulgaffar kuwa, shekara goma sha tara ke nan, tanti da buta da tukunyar shayi yake ɗaurewa a bayan tsohon babur ɗinsa, ya bar Injamena shi kaɗai, ya je bakin kogi ya yi kwanakinsa inda babu ƙuda babu ciniki. 'Yan unguwa suna kiransa nasaran mahauta. Ko a jikinsa.

Sallar shekarar 2001 ce ta zo da rigima. Bara ya faɗi cikin rairayi har ƙashin kafaɗarsa ya tsage, ga shekara sittin da takwas a kansa. Babban ɗansa Zakariya, wanda bakanike ne, ya samo mai sayen babur ɗin ba tare da ya yi shawara da kowa ba.

"Baba, ka huta haka nan. Kalas, shi ke nan, moton nan ya gama aikinsa."

"Shi ya gama, ko ni kake nufi?"

Zakariya ya sunkuyar da kai, amma bai janye ba. Sai da aka kira Yunusu, ƙanin Abdulgaffar, ya raba gardama: in tsoho ya je Kundul da babur ɗinsa ya dawo lafiya, maganar sayarwa ta mutu. In ya kasa, mai saye ya zo ya ɗauka. Zakariya ya amince nan take, har da ɗan murmushi.

Bayan sallar asuba Abdulgaffar ya fito da babur zaure, ya ɗaure kayansa tam. Ya ɗan daɗe a wurin. Ya dubi ƙofar ɗakin Zakariya, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya gyara rawani, ya yi bismillah, ya kama hanya. Babu wanda ya ji fitarsa.

A gadar Shagwa wani jandarma ya tare shi. Ya duba takardu, ya dubi babur, ya dubi mai shi.

"Yaba, tsoho, haka za ka je har Kundul?"

"An hana ne?"

Jandarma ya yi dariya ya ɗaga masa sanda.

Masu sayar da fetur a kwalba suka yi ta ɗaga masa hannu a bakin titi, yana wuce su kamar bai gani ba. Wani mai amalanken jaki ya jera da shi, suka yi hirar tsadar raguna har mutumin ya ratse zuwa ƙauyensu. Rana ta take, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, tsohuwar kafaɗar ta fara zugi. Ya tsaya gindin wata tsamiya, ya sha ruwa, ya zagi kafaɗar son ransa, ya ci gaba.

Ranar bai kai ba. La'asar sakaliya ya kafa tanti a gefen wata gonar dawa da aka girbe, ya hura gawayi, ya dafa shayi mai kauri ya ci da ƙilishi. Igiyar takalminsa ta tsinke, ya ɗinke ta da zaren buhu. A nan ne tsoro ya ɗan taɓa shi, don ya san in ya juya yanzu, ba babur kaɗai za a karɓe masa ba. Daga shi sai rumfa, daga rumfa sai tabarma a ƙofar gida, ana kawo masa kunu ana ce masa sannu.

"Ba bana ba," ya ce da tukunyar shayi.

Da hantsin rana ta biyu ya isa bakin kogi bayan Kundul. Tsohon amininsa Audu masunci ya hango shi, ya saki taru ya riƙe baki. Abdulgaffar ya kwana biyu a nan. Ya yi wanka a kogi, ya miƙe ƙafa a inuwa, ya saurari tsuntsaye, ya ji daɗin da ya daɗe bai ji ba. Audu ya roƙe shi ya bari a ɗora babur a motar kifi. Ya ƙi. Bandar kifi kawai ya karɓa, shaidar zuwansa.

Rana ta biyar, ana fitowa sallar la'asar, ya shigo Gardole. Ya rame, leɓɓansa sun tsage, tafin hannunsa duk kanta. Mutanen unguwa suka biyo shi har ƙofar gida, babu mai tsokana a cikinsu. Ya jingine babur, ya kwance bandar Audu ya ajiye gaban Yunusu.

Zakariya ya fito, ya yi tsaye kamar an dasa shi. Idonsa ya cika da ƙwalla.

"Baba, wallahi tsoro nake ji kada ka sake faɗuwa."

"Na sani. Je ka ɗauko abin da ka ɓoye, ka mayar masa. Baɗi Mandaliya za ni, can gaba da Kundul."

Zakariya ya shiga ɗaki, ya fito da wani ƙunshin tsumma mai maiƙo, ya durƙusa ya kwance shi a gaban baffansa Yunusu. Fistin ɗin injin ne, wanda ya cire a ɓoye tun ranar jajibiri. Daga Gardole har Kundul, zuwa da dawowa, tura babur ɗinsa tsohon ya yi da ƙafa.