Takalmin da Ya Matse

A mahaɗar titi ƙafarsa ta ƙi fita daga feda, ya faɗi tare da keken, guiwarsa ta kurje.

Tun da ya yi ritaya yake bin matasan nan masu tseren keke duk Asabar, kullum shi ne na ƙarshe. Takalmin irin nasu ne, mai tafi kamar katako, wanda ke maƙalewa a feda. Yakan matse masa yatsu har su mutu, tafin ƙafar ya riƙa zafi kamar ya taka garwashi. Idan ya dawo, matarsa takan ajiye masa ruwan ɗumi a roba.

"Kai da ko shago ba ka zuwa a ƙafa, me kake bi haka?"

Yakan tsoma ƙafar kawai.

Yau ayarin ya yi gaba, amma na kan gabansu ya juyo. Ya durƙusa, ya murɗa masa diddige, takalmin ya saki fedar. Ya cire shi a hankali, ya daɗe yana duban yatsun da suka kumbura. Bai ɗago kai ba.

"Wa ya zaɓa maka wannan?"

"Na ga irinsa ne kake sawa."

Saurayin ya shafa gefen ƙafar da babban yatsansa.

"Nawa ya fi faɗi. Ƙafarmu faɗi gare ta, Baba."

Rabon da ɗan nasa ya kira shi haka tun ranar da yaron ya bar gida.