Kwalin da Ya Gagari Akuyar Malam Ilu

Tun da aka hana leda, shara sai a zuba ta a liƙaƙƙen kwali. Gidan da shararsa ta zube a titi, a yanke masa ruwa. To, awaki ina suka san doka? Cinye kwalayen suke yi. Rabin unguwarmu har salla sai da taimama.

Inna Tabawa mai haɗa kwali ta jiƙa ɓawon maɗaci, ta shafe nata da ruwan. Yau ta dire shi gaban duba-gari, ta sa aka jawo akuyar Malam Ilu, uwar ɓarna.

Akuya ta lasa, ta yi atishawa, ta juya abinta.

Mata suka rangaɗa guɗa.

Inna ta ce, "Ranka ya daɗe, a buɗe mana famfo. Jikokina sun manta wanka."